Azumin da Na Sa Unguwa Ta Sha Ruwa da Rana

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, daidai inda ya faɗo shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Haka watan yake zagaye, ya ratsa damina, ya ratsa sanyi, ya dawo inda ya baro. Ya dawo ya same ni da furfura, ina zaune a shagona na bakin tashar Bodinga ina sayar da kwamfutocin hannu na gwanjo.

Jiya da la'asar wani ma'aikacin lafiya ya sayi ɗaya. Ya ce ƙauyen da aka tura shi babu sabis, don haka in zuba masa ƙananan manhajoji masu aiki ba tare da intanet ba. Na zuba masa ta koyon bugun rubutu, da ta dawo da abin da aka goge bisa kuskure, da wata mai nuna taurarin kowane dare da sunayensu, da ƙamus, da ta lokutan salla. Da muka zo kan ta ƙarshen na riƙe masa hannu. Na ce, "Kafin ka yarda da wannan, ka fara gaya mata inda kake tsaye." Ya yi dariya, ya ce Alhaji ai wannan kowa ya sani. Na ce ba kowa ba.

Sunana Bello, kuma dillanci ne sana'ata tun tasowa. Da albasa na fara. A zamanin mulkin farar hula na biyu kamfanonin hanya da na madatsun ruwa sun cika ƙasar Sakkwato, ni kuma ina kai wa ma'aikatansu albasa da raguna, na gina ɗaki biyu na kwano, na yi aure. Sai abin ya juye. Fari ya zo, soja suka karɓi mulki, aka koma bin layi a kan sabulu da madara, shekara ta bi shekara kaya suna ta hawa. Kamfanonin suka fara naɗe tabarma ɗaya bayan ɗaya suna gwanjon kayansu. Na duba na ga albasa ruɓewa take yi, ƙarfe kuwa ba ya ruɓa, sai na koma sayen gwanjo: fanka, firji, kujerun ofis, injin ban ruwa.

A irin wannan gwanjon ne, na wani injiniyan ban ruwa baƙon ƙasa da zai koma gida, aka yi mini gyara da kwamfuta a kan firji biyu. Babu wanda ya taya ta. Farin akwati ne mai nauyin buhun gero, da allo kamar talabijin, da madannai, da injin buga takarda, da kwali cike da baƙaƙen faya-fayai masu laushi, kowanne faɗin tafin hannu. Na kawo ta shago na rufe da buhu.

Wanda ya tayar da ita shi ne Malam Umaru, malamin lissafi a sakandaren Shagari, abokina tun muna firamare. Shi ya taɓa ganin irinta a jami'a. Yakan zo ran kasuwa, mu ja waya daga janareton mai niƙan da ke maƙwabtaka da ni, mu rufe ƙofa, mu riƙa saka faya-fayan ɗaya bayan ɗaya muna ganin abin da ke ciki. Ban manta su ba. Akwai wanda haruffa ke zubowa daga sama kamar ƙanƙara, sai ka danna kowanne kafin ya taɓa ƙasa. Akwai mai buga manyan baƙaƙe a doguwar takarda, da shi na yi wa wani tela allon shago. Akwai wasan dara irin ta Turawa, wadda na'urar ta cinye Malam sau huɗu a jere har ya ce zafi ne ya dame shi. Akwai mai zana kalandar kowace shekara, ta baya da ta gaba, ka tambaye shi ranar da aka haife ka ya gaya maka ko Talata ce. Sai wani ƙarami, an rubuta a jikinsa da biro, wanda in ka ba shi wata da shekara zai jero maka fitowar rana da faɗuwarta na kowace rana, har da minti.

Turancina na kasuwa ne. Na'urar kuwa tana da yawan tambaya. Sai Malam ya nuna mini babban madanni na gefen dama, ya ce, "In ta tambaye ka abin da ba ka gane ba, danna wanga. Ita ta san amsa, za ta wuce." Na riƙe wannan da kyau. Na riƙe shi fiye da yadda ya kamata.

Sai azumi ya kama.

Wanda bai yi azumin wannan shekarar ba ba zai gane ba ko an gaya masa. Tun hantsi ƙasa take ƙuna, takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin tanda. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu, guga ya fito da rabin laka, mata su zuba a randa su jira ya kwanta. Matata Hajo takan binne tulu a jiƙaƙƙen yashi tun azahar, ta rufe da tsumma, kowa ya wuce sai ya kalle shi. Maza sukan fita sharar gona da sassafe, su kai taki a kan jakuna, kafin rana ta take kowa ya dawo ya nemi gindin dogon yaro ya kwanta da jiƙaƙƙen rawani a fuska. Daga azahar zuwa la'asar garin yakan yi tsit, ko awaki ba sa kuka. Bayan la'asar sai ka fara jin turmi, gida ɗaya, gida biyu, ba kamar da ba da unguwa duka take amsawa. Geron ya yi ƙasa a rumbu. Kunun tsamiya ake damawa tsararo, babu sukari, a haɗa da kwaɗon rama ko garin rogo da ƙuli-ƙuli. Batirin rediyo ma sai an tafasa shi a rana ana lallaɓawa, a kunna a ji tafsiri a kashe.

Masallacinmu ƙarami ne, na sabuwar unguwa da ke bayan tasha, nesa da tsakiyar gari. Katangu da itatuwa sun tare masa yamma. Ladaninmu, Baba Mamman, shekara da shekaru yana hawa soron masallaci da tsani ya dubi rana har ta nutse, sannan ya yi kira. A shekarar nan yanar ido ta rufe masa gani, gwiwa kuma ta ƙi tsani. Ranar farko ya yi jinkiri har taurari suka fara fitowa, mutane suna zaune da moɗa a hannu suna haɗiyar busasshen yawu. Ranar ta biyu ma haka. Aka fara gunaguni.

Ranar ta uku na same shi a zaure. Na ce, "Baba, ina da na'ura wadda ta san lokacin faɗuwar rana na kowace rana. In buga maka takarda, in ba ka agogo mai manyan lambobi, ka huta da hawa."

Ya ce, "Bello, idona ya tahi, gwiwa ta bi shi. Amma ita na'urar, ina tag ga rana tana cikin ɗaki?"

Na ce, "Lissafi ne, Baba. Da shi Turawa ke tuƙa jirgi."

Ya ce, "To, in kai ka yarda da ita, ni na yarda da kai."

Na koma shago, na saka faifan. Ya tambayi wata, na ba shi. Ya tambayi shekara, na ba shi. Ya kawo wasu lambobi biyu a layi biyu yana jira, ban san ko na mene ne ba, na danna babban madanni sau biyu. Injin ya ɗauki ƙara kamar ana zarto, takarda mai huji-huji a gefe ta fito da lokuta a jere, tsaf, babu gogewa babu karkata. Na saita agogon da rediyo. Aka manna takardar a bangon masallaci.

Ranar farko da aka bi ta, mutane suka ce yau azumi ya yi sauƙi. Aka riƙa sa mini albarka a hanya. Wani mai shayi ya ce daga yau sunana Bello Na'ura. Gaskiya zan faɗa, na ji daɗi, kuma na fara tunanin azumi mai zuwa zan buga wa masallatan Shagari da Dandin Mahe, abin ya zama sana'a. Malam Umaru ma ya karɓi kwafi ɗaya ya tafi da shi.

Akwai alamu. Ba zan ce babu ba. In iska ta juyo mukan jiyo kiran babban masallacin gari can bayan mun gama shan kunu. Wani ya yi magana, na ce tsofaffin ladanai sun saba ƙara jinkiri don kokwanto, mu kuwa namu lissafi ne. Wani ya ce rediyo ma ba ta kai ga kira ba, na ce rediyo tana jiran ƙauyukan yamma ne. Bakin dillali gare ni, duk tambayar da aka kawo ina da amsarta kafin a rufe baki. Mai ƙishirwa kuma ba ya ja da wanda ya miƙo masa ruwa da wuri.

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Inna, mahaifiyata, tana da kaji bakwai masu kwana a kan wata tsohuwar bishiyar lemo a tsakar gida. In Baba Mamman ya yi kira, Hajo ta kai mata moɗa, sai ta ajiye a gefe.

Na ce, "Inna, an yi kira."

Ta ce, "Na jiya. Kajina ba su hau ba."

"Inna, kaji suka fi ladan sani?"

"Ni dai ba ni shan ruwa kaji na kiwo. Kai sha naka."

Muka riƙa yi mata dariya ni da Hajo, a ɓoye. Takan zauna da carbinta, leɓenta a bushe, har sai kaza ta ƙarshe ta yi tsalle ta hau reshe, sannan ta ce bismilla.

Ranar ta tara da fara bin takardar na kai injin ban ruwa kasuwar Shagari. Na sayar, na biyo wata a-kori-kura da yamma, mu kamar goma a baya tare da buhunan gawayi. Wajen Lambara motar ta yi tari ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya shige ciki. Muka sauka muka zauna a bakin hanya. Wurin fili ne fetal, gonakin da aka share, babu katanga babu gida, sai kututturen dawa da ƙasa ja har iyakar gani.

Ina da kwafin takardar a aljihu, da agogo a hannu, da 'yar gorar ruwa. Na duba, saura minti biyu. Na duba, saura ɗaya. Na cire murfin gorar na ɗaga.

Wani dattijo manomi da ke kusa da ni ya kama wuyan hannuna. Tafinsa kamar ɓawon itace.

Ya ce, "Ɗan'uwa, mi kaka shirin yi?"

Na ce, "Lokaci ya yi, Baba." Na nuna masa takardar.

Bai ko kalle ta ba. Ya juya ni da kafaɗa kamar yadda ake juya jaki. Ya ce, "Dibi can. Waccan aba ja, rana ta ko murhin tukunya?"

Tana nan. Cikakkiya, ja wur, ko gefenta bai taɓa ƙasa ba. Na miƙa hannu na auna, tsakaninta da ƙasa yatsa uku ne.

Wata mata mai tallan daddawa ta ce, "Halan mutanen Bodinga wata rana ag gare su ta daban." Aka yi dariya, irin dariyar masu azumi, marar ƙarfi.

Ni ban yi ba. Na koma na zauna a kan buhun gawayi. Abin da ya zo mini shi ne, a daidai wannan lokacin Baba Mamman yana tsaye a ƙofar masallaci da yatsa a kunne. Hajo tana ɗaga moɗa. Gida sittin ko fiye, tsofaffi da masu ciki da waɗanda suka yini a gona, kowa yana haɗiyar ruwa, rana tana kallonsu ta bayan katanga. Kuma babu abin da zan iya yi. Babu waya a lokacin, babu mota, ko da gudu na tashi ba zan kai ba. Na zauna ina kallon agogo ina kallon rana. Minti biyar. Goma. Sha biyar. Ban taɓa sanin rana tana da nawa haka ba. Sai da ta kusa cika minti ashirin sannan gefenta na ƙarshe ya nutse. Dattijon ya ce, "To, yanzu sha." Sannan na kai gorar baki.

Na sha yin asara a kasuwa. Na taɓa buɗe rumbun albasa na tarar da rabi ya zama ruwa, na rufe na tafi na ci abinci. Wannan daban ne. Abin da na lalata ba nawa ba ne, kuma ba abin da ake biya ba ne. Azumin mutane ne, kwana tara, a cikin irin wannan zafin, da sallar magariba a kai. Na riƙa tuna fuskoki ɗaya ɗaya. Akwai mai tura kurar ruwa wanda na ga ya faɗi a bakin rijiya da azahar, aka yayyafa masa ruwa a ka, aka ce ya karya, ya ƙi.

Da gari ya waye na koma Shagari na ɗauko Malam Umaru daga makaranta. A hanya na tambaye shi kwafin da ya kai masallacinsu. Ya ce ladaninsu ya karɓa ya gode, ya soke a jikin azara, ya ci gaba da hawa tudu yana duban rana. Na ce alhamdu lillahi, ko ba komi gari ɗaya ne.

Mai niƙa ba shi da mai. Sai da na zagaya tasha na samo kwalba ɗaya a hannun 'yan bumburutu. Muka tayar da na'urar, na saka faifan, na ba shi wata da shekara. Lambobin nan biyu suka fito. Hannuna ya tafi kan babban madanni da kansa, Malam ya buge shi.

Ya ce, "Tsaya. Wanga fa?"

Na ce, "Ban gane su ba, na danna abin da ka ce."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya buɗe jakarsa ya fito da littafin taswira na makaranta, ya sa yatsa ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, ya ja su har suka haɗu. Ba a kan Sakkwato suka haɗu ba. Can gabas ne, wajen Haɗeja.

Ya ce a hankali, "Tambayarka takai ina kake. Ba ka amsa ba, sai ta ɗauki wurin da mai ita yab bari. Can yay yi aiki kahin ya zo nan. Rana na riga faɗuwa can."

Na ce, "Ke nan ba ta yi ƙarya ba."

"Ko kaɗan. Mutanen Haɗeja da sun samu takardarga da sun gode maka."

Ya nemo lambobin Bodinga a taswirar ya saka. Sabuwar takarda ta fito, kowane layi ya ƙaru da kusan minti ashirin. Muka zauna muna kallonta, janareto yana ta cin man da ya rage.

A nan shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyan gani. Takardun biyu kamarsu ɗaya. In na je da azahar, masallaci babu kowa, na cire waccan na manna wannan, wa zai sani? Mutane za su ce yau azumi ya yi tsawo, shi ke nan. Dillali kuwa da sunansa yake ci. Ran da aka ce Bello ya sayar wa unguwa lokacin ƙarya, wa zai sake sayen injin ban ruwa a hannuna ya yarda da abin da na ce game da shi? Na faɗa wa Malam. Ya ce, "Ni na koya maka madannin, bakina bai da ƙarfi a nan. Amma ka sani ba za su rama abin da ba su san sun ɓata ba."

Na naɗe takardar na sa a aljihu, na nufi masallaci, ban yanke komi ba. A gindin dogon yaron ƙofar masallaci na tarar da mutum huɗu a kwance suna magana ƙasa-ƙasa. Ashe mai daddawar nan 'yar'uwar wani ce a unguwar, labari ya riga ni isowa, amma ya iso a karkace. Ɗayansu yana cewa, "Na'ura ba ta kuskure. Tsohon ne ba ya ganin agogo. A ba shi haƙuri ya zauna gida, a samu mai ido." Sauran suka ce gaskiya ne.

Na leƙa zaure. Baba Mamman yana zaune shi kaɗai, ya kawo agogon dab da hancinsa yana juya shi. Ya ji motsina ya ce, "Bello ne? Zo duba mini. An ce na ɓata wa mutane azumi. Ni kuwa abin da ka nuna mini shi nika bi." Shekara da shekaru yana wannan kira ba a taɓa biyansa ba, abin da yake da shi ke nan a duniya.

Na ce, "Ba kai ba ne, Baba."

Na wuce gida na gaya wa Inna. Ina jiran ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta ce, "Ka ci abin kunya na yini guda, ya fi ka ɗauki azumin gida sittin ka tahi da shi kabari. Tashi, an kusa la'asar."

Ban taɓa jin tsoron mutane irin na wannan la'asar ba. Da Liman Haliru ya sallame, na miƙe kafin kowa ya motsa. Na faɗi komi yadda yake: lambobi biyu, babban madanni, Haɗeja, yatsa uku a filin Lambara. Na faɗi amsoshin da na riƙa ba masu tambaya alhali ban bincika ba. Na ce Baba Ladan ya karanta agogo daidai, ni ne na ba shi lokacin wani gari.

Sai mai kurar ruwan ya ce daga sahun baya, "Kwana nawa?"

Na ce, "Tara."

Ya ce, "Tara." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani ya ce a fasa na'urar. Wani ya ce ai shi tun farko ya ga hasken ya yi yawa, aka ce masa to me ya hana ka ajiye moɗa. Mai shayi ya ce, "Ashe da mutanen Haɗeja muka yi ta buɗa baki, ko gaisuwa ba su aiko ba." Wasu suka yi murmushi, wasu ba su yi ba.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi babu kaffara a kansa, amma akwai ramuwa, kwana tara, kuma a sake magaribar waɗannan kwanaki. Sannan ya dube ni. Ya ce, "Kai kuwa Bello, ka cire wa Ladan tsani, sai ka mayar masa da ido. Daga yau har a ga wata, kai za ka hau soro. Ba zai yi kira ba sai ka ce ta faɗi."

Haka aka yi. Da yamma na hau tsanin. Soron ya yini yana shan rana, ƙafata tana ƙuna ta cikin takalmi. A ƙasa sahu-sahu na mutane da moɗa a gabansu, babu mai kallon takarda, ni kowa yake kallo. Sabuwar takardar tana aljihuna, ban nuna wa kowa ba. Ina duban rana ina satar duban agogo, domin in wannan ma ta saɓa to ban san abin da na sani ba kuma. Gefen rana na ƙarshe ya nutse a bayan gonakin yamma. Na duba agogo. Daidai da takardar, ko minti ɗaya babu tsakani. Na ƙara jira kaɗan duk da haka, sannan na leƙa na ce, "Baba, ta faɗi." Ya sa yatsa a kunne. Kafin in sauko tulun masallaci ya ƙare, kuma haka na riƙa zama na ƙarshen sha har Salla.

Ramuwar ce ta fi ciwo. Bayan Salla ba da jimawa ba ruwa ya sauka, aka shiga shuka, aka shiga noman farko da rumbu babu komi. Wasu suka jinkirta zuwa sanyi. Da yawa suka ce ba su san ko za su kai ba, suka rama a cikin aikin, suna duƙe a kan kunya da bakin azumi. Nakan wuce in gan su in sunkuyar da kai. Kasuwata ta yi sanyi wata da watanni, sannan ta dawo a hankali. Wani da ya zo sayen fanka ya ce mini, "Kai dai in kayanka na da aibi ka faɗa, mun gani." A duk unguwar mutum ɗaya ce ba ta da ramuwa, ita ce kuma ta riƙa dama mana kunu ni da Hajo, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Baba Mamman ya rama shida. Zazzaɓin damina ya kwantar da shi, bai tashi ba. Na je wurin Liman na ce zan yi masa ukun da suka rage. Ya ce ba a yi wa wani azumi, in ina so in ciyar. Tun daga shekarar, duk azumi, daga ran huɗu ga wata zuwa sha biyu, kunun masallacin daga gidana yake fita. Yaran yanzu sun ɗauka alheri ne kawai.

Na'urar ta daɗe da mutuwa, faya-fayan sun ci ƙasa. Amma ban daina son irin waɗannan ƙananan manhajoji ba, kuma duk wanda ya sayi kwamfuta a hannuna sai na zuba masa su. Ba sa neman data, ba sa neman sabis, aiki ɗaya kowacce ta iya kuma takan yi shi da gaskiya. Ta lokutan salla da ke shagona yanzu ta san Bodinga sarai, ni na gaya mata da hannuna, na sake dubawa sau uku. Jiya bayan ma'aikacin lafiyar ya tafi ta yi ƙara, lasifikar masallaci ta amsa, maƙwabtana suka ɗaga robar ruwa mai sanyi. Ni na ɗauki tawa na zagaya bayan shago, inda nake ajiye 'yan kaji. Biyu sun hau, ɗaya tana ƙasa tana tono. Na tsaya na jira ta.